Tadrib (horon aiki) a kamfani ko ka haɗa abinka da hannunka: wanne ɗalibin injiniya zai ba ƙarfi a Saudiyya?

Juma'ar da ta wuce bayan la'asar yara biyu suka zo min gida a nan Jidda. Ɗaya ɗan yayata ne da ya zo daga Katsina da minha, wato tallafin karatu, yana karanta lantarki a Madina, ɗayan kuma ɗan maƙocinmu ne haifaffen Makka, iyayensa sun daɗe a ƙasar nan, shi bangaren gine-gine yake karantawa. Tambayarsu ɗaya ce, "Kawu, mun kusa shekarar ƙarshe, mu nemi dogon tadrib a kamfani ne ko mu yi gajeren na lokacin hutu kawai mu zuba ƙarfinmu a kan mashru'in kammalawa (furojet ɗin shekarar ƙarshe) da abin da za mu haɗa da kanmu?" Mun kai har isha muna wannan magana, kuma amsar da na ba ɗaya ba ita na ba ɗayan ba, shi yasa nace bari in rubuta tunda nasan akwai ƙannenmu da yawa a Madina da Riyad da Zahran da suke cikin wannan waswasin.

Ga wanda bai san tsarin ba, yawancin kulliyoyin injiniya a nan suna da hanya biyu. Akwai tadrib ta'awuni, wato ka bar aji gaba ɗaya ka tafi kamfani na tsawon watanni, akwai kuma tadrib saifi wanda ake yi a hutun bazara. A jami'ar man fetur da ma'adinai ta Zahran, wato KFUPM, a da an daɗe ana bin sati 28 a na farkon, sati 8 a na biyun, sauran jami'o'i kowacce da nata ƙa'idar, don haka ka fara zuwa ofishin kisim ɗinku, wato sashenku, ka karanta takardarsu kafin ka ɗauki maganata. Shi kuma mashru'in kammalawa ba ka da yadda za ka guje masa, duk shirin da ke da amincewar ABET, hukumar Amurka mai tantance karatun injiniya, dole ya ƙare da babban aikin zayyana, sai dai akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya yi shi don maki da wanda ya yi shi har hannunsa ya sha ƙunar dalma.

Bari in fara da kamfani don shi ne kowa ke kwaɗayi.

Abin da kamfani ke baka wanda ɗakinka na sakan, wato masaukin ɗalibai, ba zai taɓa baka ba shine girma da tsari. Ni kaina sai da na shiga ɗakin taransifoma na wani babban gini a lokacin tadrib ɗina sannan na gane zanen layi ɗaya da muke ta yi a aji ashe ƙarafuna ne masu huci da kebul mai kaurin damtse, kuma kafin ka taɓa komai sai an cike takardar izinin aiki, an kashe, an sa kwaɗo an rataya kati da sunan wanda ya kulle, an gwada an tabbatar babu wuta, sannan a ce bismilla. Wannan tarbiyyar ba a koyonta a YouTube. Haka ɗan gine-gine, a littafi ya karanta cewa zafi na ɓata kankare, amma a sait ne, wato wurin da ake ginin, zai ga dalilin da yasa a watan Yuli ake zuba kankare da daddare, wani lokaci har ƙanƙara ake sa wa a ruwan kwaɓi don a sauke zafinsa, zai ga ana gwada laushin kwaɓin da zarar motar ta iso, a ɗebi samfur a ajiye a murƙushe shi bayan kwana 7 da kwana 28, in bai kai ƙarfin da aka rubuta ba a yi ta rigima tsakanin muƙawil, wato ɗan kwangila, da istishari mai sa ido a kan aikin. Zai kuma ga dokar hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, da yadda take juya jadawalin aiki gaba ɗaya. Duk wannan ilimi ne, kuma ƙasar nan cike take da wuraren ganinsa, jirgin Haramain da ya fara aiki a 2018, metro ɗin Riyad mai layi shida da aka buɗe a Disambar 2024, tashoshin tace ruwan teku na Jubail da Shu'aiba, gonar sola ta Sakaka mai megawat 300. Ba kowane ɗalibi zai samu shiga irin waɗannan ba, amma ƙananan kamfanonin da ke musu aiki suna da yawa kuma tsarin iri ɗaya ne.

Na biyu takarda. Shahadar tadrib mai tambarin kamfani da sa hannun muhandis, wato injiniya, mai rajista abu ne da mai ɗaukar aiki ke ganewa a daƙiƙa biyu, bai buƙatar ka yi masa bayani. Na uku kuma mutane, wanda ya ganka wata shida kana zuwa dawam, wato aikin kullum, a kan lokaci shi ne zai ɗaga waya wata rana yace a kira yaron nan.

To amma akwai abin da ba a faɗa wa yara. Tadrib caca ne, ya danganta da hannun wanda ka faɗa. Na ga ɗaliban da aka ba tebur a lungu aka ce su riƙa shigar da lambobi a Excel har wata huɗu, ba wanda ya kai su sait ko sau ɗaya, muhandis ɗin da aka haɗa su da shi kansa ya yi zafi da nasa aikin ba shi da lokacinsu. Irin wannan ya dawo da shahada mai kyau amma in ka miƙa masa mita kace auna min wutar da moton nan ke ja sai ya tsaya yana kallonka. Kuma ko ka yi sa'a ka koyi abu, yawancin abin da ka gani ba naka bane, zanen na kamfani ne, hoto an hana ɗauka a wurare da yawa, wani wurin ma waya mai kamara ba ta shiga, don haka ranar intabiyu bakinka kawai zai yi aiki, ba abin da za ka ajiye a tebur. Sannan ga wahalar samu. Kamfanoni da yawa 'yan ƙasa suke fara dubawa wajen ba da gurbin tadrib, ɗan minha sai ya aika wurare goma ya samu amsa ɗaya, kuma ku kula da wannan sosai, iƙamar ɗalibi, wato takardar zamansa a ƙasar, ba ta aiki bace, duk abin da za ka yi a kamfani ya zama ta hannun jami'a da wasiƙarta a hannunka. Kar wani ya ce maka zo ka riƙa taya mu a warsha, wato shagon gyara, muna baka wani abu kai kuma ka yarda ba takarda, in aka yi kame karatun naka ne zai tafi, shi ba abin da zai same shi irin naka.

Yanzu aikin hannunka. A nan na fi son in daɗe don a nan ne yaranmu suka fi rauni kuma a nan ne suka fi samun dama ba su sani ba.

Abin da nake nufi ba wai ka sayi Arduino, ƙaramin allon lantarkin nan da ake ba umarni daga kwamfuta, ka kwafi umarnin da wani ya rubuta ka kunna fitila tana ƙiftawa ba. Ina nufin ka ɗauki matsala guda wadda ka sani da idonka, ka zana mafita, ka haɗa, ta ƙi aiki, ka gano dalili, ka auna, ka rubuta. Misalin da na ba ɗan yayata shine famfon sola na rijiyar burtsatse, tunda a gida shi ne abin da ake ta sawa a ƙauyuka da gonakin rani, kuma shi ne ake yawan sawa ba lissafi. Fanel ɗin da aka rubuta masa wat 550, wannan lambar an samo ta ne a ɗakin gwaji, hasken wat 1000 a kan kowace murabba'in mita da zafin digiri 25. A rufin sakan a Madina da azahar ɗin watan Agusta fanel zai iya haura digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 yana cin kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa, kaga kafin ma a zo maganar ƙura ka rasa sama da kashi goma. Wannan a littafi layi ɗaya ne. Amma in ka sa ƙaramin fanel a rana, ka haɗa ƙaramin allo irin Arduino mai suna ESP32 da na'urar auna zafi da ta auna wuta, ka bar shi sati shida yana rubuta lambobi duk minti biyar, rabin lokacin kana goge shi rabin ka bar ƙura ta zauna, to ka samu abin da ko wasu masu sa sola na shekara goma ba su da shi, lambobinka na kanka. Kuma yanayin Madina da na Katsina ko Damagaram ba su da nisa da juna wajen zafi da ƙura, abin da ka koya a nan zai bi ka gida.

Akwai wani abu da na ja masa kunne a kai wanda kamfani a nan ba zai taɓa koya masa ba don su ba matsalarsu bace. Wutar Saudiyya hatz 60 ce, wato sau 60 take kai da komowa a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan hatz 50. Moton lantarki mai fol huɗu, wato kawunan maganaɗisu huɗu, da ke juyawa kusa da 1800 a minti a nan, a gida kusa da 1500 zai yi. In famfo ne, yawan ruwan yana bin gudun kai tsaye amma tsawon da zai iya tura ruwan yana bin ninkin gudun a kansa, wato biyar bisa shida sau biyar bisa shida, ka tashi da kusan kashi 69 cikin ɗari, kusan kashi 30 na ƙarfin hawa ya tafi. Shi yasa za ka ga alhaji ya sayi famfo mai tsada a Jidda ya kai gida, ruwa ya ƙi kaiwa tankin sama, a yi ta zagin mai gyara alhali lissafi ne. Ɗalibin da ya haɗa ƙaramin famfo da na'urar canza gudun moto ya gwada wannan da bokiti da agogo ba zai taɓa mantawa ba.

Fa'idar aikin hannu ta farko kenan, kuskuren naka ne. A kamfani ba za a barka ka ƙona komai ba, kuma daidai ne kar a barka, amma wanda bai taɓa ƙona fiyus ko ya juya ƙafar diyod ya ji warin ba akwai wani sani da bai shiga jikinsa ba. Ta biyu, kana da abin nunawa. Bidiyon minti biyu, hotuna tun daga ranar farko har da waɗanda abin ya lalace, umarnin kwamfutar da ka rubuta a shafin GitHub, rahoto mai shafi biyar da jadawalin awo, ka sa a LinkedIn. Na zauna a intabiyu ina cikin masu tambaya, kuma wallahi yaron da ya buɗe waya yace ga abin da na haɗa, a nan ya ƙi aiki saboda kebul ɗin ya yi siriri wuta na zubewa a hanya, na canza kaza, shi ne muke tunawa bayan an tashi. Ta uku, ba ka jiran kowa ya baka gurbi, ba neman alfarma ba roƙo.

Matsalolinsa ma ba ƙanana bane. Kuɗi na farko, mukafa'ar ɗalibi, wato alawus ɗinsa, da ƙyar take kai wata in an cire abinci da ɗan abin da ake turawa gida, kayan kuma in ka yi oda sai ka jira, in abu ɗaya ya ƙone ka sake jira. Maganin da na sani shine haraj da sana'iyya, wato kasuwar gwanjo da unguwar makanikai, tsohon mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da tsohuwar injin wanki cike suke da moto da kafasito da rile masu aiki, kuma masu warsha in ka je da ladabi ka ce ɗalibi ne kai yawancinsu za su nuna maka abu, wani ma ya baka kyauta. Ku haɗu ku uku ku raba kuɗin mita mai kyau guda ɗaya ya fi kowa ya sayi ta banza. Matsala ta biyu ita ce babu mai gyara maka, za ka iya shafe wata biyu kana yin abu ba daidai ba kana jin daɗi, don haka ko da abin naka ne na kanka ka nemi duktur ɗaya, wato malamin jami'a, ko mai kula da lab ya riƙa leƙawa, kuma masu kula da lab ɗin nan ku daina raina su, sau da yawa sun fi kowa sanin na'urorin. Ta uku haɗari. Duk abin da ya wuce ƙaramar wutar batir kar ka yi shi a ɗakin kwana, batirin litiyom in ya kama wuta ba ya jin magana, kuma ka san cewa jirgi ba ya barin ka shiga da batirin da ya wuce wat-awa 100 sai da izinin kamfanin jirgin, sama da 160 kuma ba ya shiga kayan fasinja sam, don haka in kana shirin tafiya da abinka gida ka zana shi yadda za ka sayi batir a can. Masu sha'awar jirgi mara matuƙi kuma, a ƙasar nan ba a tashinsa sai da izinin hukumar jiragen sama, kar ka gwada a bayan sakan kace ai ƙarami ne.

Ta huɗu ita ce ta fi damuna, rashin ƙarasawa. Kamfani yana da dawam, ko ba ka so za ka tashi. Aikin kanka ba mai tashinka, sai ka ga an fara da zafi a satin farko, Ramadan ya zo, jarabawa ta zo, kayan suna ƙarƙashin gado har a kammala. Rabin aiki ba ya shiga takardar neman aiki. Gara ƙaramin abu da ya ƙare da awo da rahoto a kan babban mafarkin da ya tsaya a zane.

Sannan gaskiya ba kowane fanni ne aikin hannu ke yi wa daidai ba. Ɗan lantarki da ɗan kwamfuta da ɗan makanika suna iya haɗa abu na gaske da kuɗi kaɗan. Ɗan gine-gine fa, me zai gina a ɗaki? Zai iya zana gida mai hawa uku a manhajar Revit, ya lissafa rodi da ginshiƙai bisa kundin gini na Saudiyya, ya fitar da jadawalin kaya da na lokaci a manhajar Primavera, kuma wannan yana da amfani, amma duk a allo ne, ƙasa da kankare da leburori suna sait. Ɗan sinadarai da ɗan man fetur ma haka, matatar mai ba ta shiga ɗaki. Ga waɗannan kamfani ya fi nauyi a sikeli tun kafin a duba komai.

To me na ce wa kowannensu?

Ɗan maƙocina na ce masa ya nemi dogon tadrib da duk ƙarfinsa. Dalili na farko fanninsa, na faɗa. Na biyu, rayuwarsa a nan take, iyayensa a nan, Larabcinsa na 'yan Makka ne, kasuwar da zai nemi aiki ita ce wannan, kuma wannan kasuwar takarda take ji. Ba za ka yi aiki da sunan muhandis ba sai da rajistar Hukumar Injiniyoyin Saudiyya, kuma dokar sa'awada ta ware wa 'yan ƙasa kaso a ayyukan injiniya na kamfanoni masu zaman kansu, an fara da kashi 20, ya koma 25 a 2024, kuma sama yake yi ba ƙasa ba. Ma'ana gurbin wanda ba ɗan ƙasa ba yana ƙara matsewa, kuma wanda kamfani ya riga ya sani ya ga aikinsa wata shida shi ne ke da hanya mafi kusa. Na ce masa kuma kar ya zaɓi wuri don sunansa, ƙaramin muƙawil da zai sa masa hular kwano ya tura shi rana ya fi babban ofishi mai sanyi da zai ajiye shi. Kafin ya sa hannu ya tambaya, wa zan bi, sau nawa zan je sait a sati, wane aiki ne za a ce nawa ne. In sun kasa amsawa to ya san abin da zai tarar. Kuma ya riƙe littafi, kullum da yamma ya rubuta abu uku da ya gani da dalilinsu, ba sirrin kamfani ba, fahimtarsa, don shi ne zai maye masa gurbin hotunan da aka hana shi ɗauka.

Ɗan yayata kuma na ce ya yi gajeren tadrib ya cika sharaɗi, ya buɗe ido sosai a satuttukan nan musamman wajen tsaro da karanta zane, amma ƙarfinsa ya tafi kan aikin hannu, kuma in da hali ya sa mashru'in kammalawarsa ya zama shi ne wannan aikin don ya samu lab da duktur da maki a abu ɗaya. Ya ɗan ɓata rai don shi burinsa ya zauna a nan, sai na faɗa masa yadda abin yake. Ɗan minha in ya gama yawanci huruj niha'i ne, gida zai koma, kuma ƙa'idar ɗauko injiniya daga waje tana neman gogewar shekara 5, kenan ko zai dawo sai ya fara aiki a wani wuri tukuna. A gida zai je a tantance shahadarsa, ya yi NYSC, rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ma sai bayan shekaru na aiki. A waɗannan shekarun abin da zai ci da shi ba sunan kamfanin Jidda bane, wanda zai ɗauke shi a Kano ko Kaduna tambayarsa ita ce za ka iya lissafa min sola na asibitin nan, za ka iya gano abin da ke sa inbatan nan ke kashe kansa, janareta da wutar NEPA da sola za ka iya haɗa min su ba tare da an ƙona firij ba. A Saudiyya wuta ba ta cika ɗaukewa ba, tadrib a nan zai koya maka kula da tsarin da ke aiki, gida kuma tana neman wanda ya iya da tsarin da ba ya aiki, kuma wannan sai da hannu. Ƙannenmu 'yan Sudan da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya katse musu karatu a Hartum da Madani, wasunsu suna nan tare da mu, su ma ranar da za su koma irin wannan hannun ƙasarsu za ta nema, famfunan gonaki da wutar asibitoci.

Ya tambaye ni gasa fa, irin hakaton da ake yi, inda ake tara matasa su ƙirƙiro mafita cikin 'yan kwanaki. Na ce yana da kyau, tun wanda aka yi na aikin Hajji a Jidda a 2018 da ya shiga kundin Guinness abin ya yawaita a jami'o'i, ka shiga ɗaya ko biyu don ka koyi aiki da mutane da yin bayani a minti uku. Amma abin kwana biyu ne, ba ya maye gurbin ko ɗaya cikin biyun nan. Haka satifiket ɗin intanet, guda ɗaya a kan abin da kake amfani da shi kamar manhajar ETAP ko AutoCAD ko shirya PLC, kwamfutar sarrafa injinan masana'anta, ya isa, tarin goma sha biyar ba aiki a bayansu ba ya burge kowa.

Akwai masu cewa ai sai a haɗa duka biyun, kuma haka ne in jiki da aljihu sun ɗauka, na san wanda ya yi dogon tadrib a masana'anta ya ga wata matsala a can ya dawo ya mai da ita mashru'insa da izinin su, wannan shi ne mafi kyau da za a samu. Sai dai ka yi wa kanka adalci, mai fita dawam bakwai na safe ya dawo biyar na yamma a zafin Jidda ba zai zauna da ƙarfen dalma da daddare ba sai ɗan kaɗan. Shi yasa nake cewa ka zaɓi wanda zai zama babba, ɗayan ya bi bayansa. Ka duba fanninka, ka duba inda kake sa ran kwana shekara biyar masu zuwa, ka duba halinka kuma, in kai mutum ne da sai an tsaya a kanka kake aiki to kamfani zai fi maka, ba abin kunya bane, in kuma kai ne tun kana yaro kake kwance rediyon gida to kar ka bari a binne wannan a teburin Excel.

Ga 'yan mata masu karanta injiniya, don ƙanwar ɗan maƙocin nawa ma ta aiko da tambaya ta bakin yayanta, lissafin ɗaya ne, sai dai ki tambaya tun farko ko wurin yana kai ɗalibai mata sait ko a ofis kawai suke ajiye su, don wurare sun bambanta sosai a kan wannan, in ofis ne zalla to ki ƙara nauyi a lab ɗin kulliya.

Da za su tafi na ɗauko tsohuwar mitata mai maƙalawa a kebul na ba ɗan yayata, na ce in ya koma Madina ya fara da auna abin da mukayyif ɗin ɗakinsu ke ja lokacin da kwamfuresa ta tashi da lokacin da ta zauna, a gaban mai kula da wutar sakan ba shi kaɗai ba, ya turo min lambobin. Shekaranjiya da daddare ya turo, da tambaya a ƙasa wai me yasa na tashin ya ninka na zaman har sau kusan biyar. Na ce ya je ya buɗe babin moto a littafinsa na shekara ta uku ya nemo da kansa, Juma'a mai zuwa in ya kira ni sai mu yi maganar girman inbatan da zai iya ɗaukar wannan tashin.